A Daina Ƙirga Dashe Kawai, A Duba Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan dashen itatuwa, aikin da na tsufa a cikinsa. Duk shekara da zarar ruwa ya sauka sai labarai su cika da adadi: an dasa dubu kaza, an dasa miliyan kaza. Da wuya ka ji wanda ya koma bayan rani ya ƙirga waɗanda suka rayu. Ranar 11 ga Nuwamba, 2019, Turkiyya ta dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Ba a cika wata uku ba shugaban ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ya fito ya ce a wuraren da suka duba kusan kashi 90 cikin ɗari sun bushe. Gwamnati ta musanta. Ko wane ne ke da gaskiya a cikinsu, duk wanda ya yi renon dashe ya san irin wannan asara, kuma tana ci masa rai.

Itace ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Ka je tsohon daji ka tone gindin ɗan itace mai lafiya a hankali, ka karkaɗe ƙasar da yatsa. A wasu nau'o'in za ka ga farin zare ya lulluɓe ƙananan saiwoyi kamar yanar gizo-gizo, ƙasar tana da danshi da ƙamshi, tana dunƙulewa a hannu. A wasu kuwa sai da madubin ƙara girma za a gan shi. Wannan zaren naman gwari ne, wato dangin funfuna da laimar kwaɗi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna hulɗa da shi. Itace yana ba shi sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana, shi kuma ya kutsa cikin ƙananan kafofin da saiwa ba ta iya shiga ya jawo ruwa da sinadarai irin su fosfaras. A tsibirin Fotoriko da ke yankin Karibiyan an daɗe ana dasa itatuwan fain, masu ganye kamar allura, suna yin rawaya suna mutuwa, sai a shekarun 1950 da aka kawo ƙasa daga gindin irin waɗannan itatuwa a Amurka aka zuba musu, sannan suka kama. Ruwa suna samu, rana suna samu, abokin zamansu ne babu.

A 1997 masaniyar kimiyyar daji Suzanne Simard ta wallafa bincikenta daga dazuzzukan yammacin Kanada, inda ta nuna sinadarin kabon yana ratsawa ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin itatuwa iri biyu daban. Daga nan zance ya yi nisa, har ana cewa manyan itatuwa suna shayar da ƙanana, suna yi musu gargaɗi idan haɗari ya zo. A 2023 wata masaniyar, Justine Karst, da abokan aikinta biyu suka bi diddigin binciken da aka yi, suka ce an yi wa maganar ƙarin gishiri fiye da hujjar da ke hannu. Ina ganin gyaran nasu ya dace, don ba ma bukatar ƙawata gaskiya kafin mu yi aiki da ita. Abin da ba a jayayya a kai ya ishe mu: idan aka kankare saman ƙasa da katafila, aka tumɓuke duk tsofaffin saiwoyi, an kashe abin da zai raini sabon dashe tun kafin a kawo shi.

Manoman Nijar sun tabbatar da haka da hannunsu. A 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da dashensa ke ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Aikin bai fi wuƙa ko gatari ba: a zaɓi toho mafi ƙarfi, a rage sauran, a kare shi daga dabbobi. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. An kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Muddin doka na cewa itacen hukuma ne, kuma ana cin manomi tara idan ya sare reshe, ba shi da dalilin renonsa. Sai da manomi ya tabbata itacen da ke gonarsa nasa ne sannan abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci.

Wannan shi ne abin da 'yan asalin ƙasashe da dama suka daɗe suna faɗa ba a saurare su. Al'ummar Menominee a jihar Wiskonsin ta Amurka suna yankan katako a dajinsu tun tsakiyar ƙarni na 19, amma yau katakon da ke tsaye a dajin ya fi wanda ke nan lokacin da suka fara, saboda raunana suke fara cirewa su bar masu ƙarfi. A arewacin Ostireliya, a yankin Anem ta Yamma, tun 2006 'yan asalin wurin suka dawo da tsohuwar dabararsu ta cinna ƙananan wuta da farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, don kada babbar gobara ta ƙarshen rani ta samu abin ci. A da an raba su da ƙasar an kuma raina wannan ilimi, daji ya yi ta ƙonewa. Wani bincike na 2018 ya nuna fiye da rubu'in doron ƙasa yana hannun irin waɗannan al'ummomi ko ƙarƙashin kulawarsu. Abin baƙin ciki ne a ce har yanzu ana korar mutane daga dajin kakanninsu da sunan kare dajin.

Ba ina cewa a daina dashe ba. Inda saiwa ta mutu ƙurmus dole a dasa, kuma matan Kenya da mai fafutukar kare muhalli Wangari Maathai ta haɗa tun 1977 sun nuna dashe na rayuwa idan mai dasawa ita ce mai ban ruwa. Amma kafin a kawo ko leda ɗaya ta dashe, a zauna da dattawa da mata masu itacen girki da makiyaya, a tambaye su wane itace ne a wurin a da, a zaga a nemi kututture mai rai, a ɗebo ɗan ƙasa daga gindin tsohon itace irinsa a gauraya a ledar reno, a kuma rubuta a fili wa ke da itacen idan ya girma.

Roƙona gare ka, Edita, duk bikin dashen da wakilanku suka ɗauko labarinsa bana, a tura su su koma wurin bayan rani biyu, su ƙirga masu rai, su tambayi mutanen wurin wa aka bar wa kulawa da su, sannan ku buga mana abin da suka tarar.

Naka,
Tsohon malamin daji