Anti, Na Biya Kuɗin Wayar Haƙori Amma Na Kasa Komawa Wajen Likita

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Don Allah a sakaya sunana, kuma in za a karanta wasiƙar nan kada a faɗi unguwarmu, a ce Kaduna kawai, domin dangin maigidana ba sa barin shirinki ya wuce su.

Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki. Ranar Asabar aka yi kamun ƙanwar maigidana a Unguwar Rimi. Ni ce a kan tukunya tun asuba, ni na yi ta zarya Kasuwar Barci ɗauko ɗinkin anko, ƙafata har ta kumbura. Da daddare ana ta zuba hotuna a zauren WhatsApp na dangi, sai ga saƙon murya daga babbar yayarsu. Ta so tura wa autarsu ita kaɗai, Allah ya tashi tona ta, saƙon ya faɗo cikin jama'a. Cewa ta yi a gaya wa mai hoto ya yanke wurin da nake dariya kafin ya haɗa faifan biki, wai haƙorana sun riga ni shiga hoto. Ta faɗa tana ƙyalƙyala dariya, ana jin wata a gefenta tana taya ta. Ta goge daga baya, amma na riga na saurara har sau biyu, kuma mu 46 ne a zauren nan, har da matan ƙannensa da nake girme musu.

Amma ba ma wannan ne ya sa na rubuto ba. Tsoro ne matsalata, Anti. Tsoron likitan haƙori.

Shekarata 34, ina da yara uku, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Haƙorana na sama guda huɗu sun turo waje tun ina ƙarama, ba na iya haɗe leɓena sai na matsa da ƙarfi. Mahaifiyata ta ce na tsotsi babban yatsana har na kusa shekara takwas, ta shafa min maɗaci, ta ɗaure hannun da tsumma, duk a banza. Likita ma ta tabbatar min cewa tsotson yatsa in ya daɗe yana tura haƙoran gaba. To laifin wa ke nan? Yarinya ce ni a lokacin. A makaranta babu sunan da ba a kira ni da shi ba, ba zan maimaita su a nan ba. Na girma ina dariya da gefen mayafi a baki. Lokacin korona a 2020, da aka ce kowa ya sa takunkumi, wallahi ni sauƙi na samu, na shiga kasuwa ina magana da kowa ba tare da na lura da inda idonsa ya sauka ba. Har kowa ya ajiye nasa ina sanye da nawa, sai da shugabar makarantarmu ta ce yara ba sa jin abin da nake faɗa.

Kuma ba maganar kyau kaɗai ba ce, ina so ki gane wannan, domin shi ne abin da suka ƙi ganewa. Da baki buɗe nake barci, in tashi maƙogwaro a bushe kamar an zuba min ƙurar hunturu. Dasashina na gaba yana jini in na goge. Ba na iya gatsar abu da haƙoran gaba yadda kowa ke yi, sai na kai shi gefe.

Tsoron kuwa daga 2000 ya samo asali, lokacin rikicin Kaduna na watan Fabrairu. Ina da shekara tara, turmina na ƙasa ya yi kogo, kumatuna ya kumbura, ga dokar hana fita, babu hanyar zuwa asibiti. Kawuna ya ɗauke ni ta lungu zuwa wajen wani mutum mai ɗan shagon magani a bayan layinmu. Ya yi min wata allura, ko ba ta kama ba ne ko bai jira ta kama ba, Allah masani. Kawu ya danne ƙafafuna, wani ya riƙe kaina, mutumin ya sa abu kamar filaya. Na ji ƙarar karyewar haƙorin a cikin kwanyata. Saiwar ta rage a ciki, ya koma yana tono. Na yi ihu har muryata ta dushe, kawu yana cewa ki yi shiru kada sojoji su ji. Ba na riƙe kawu da komai, taimako ya yi niyya, Allah ya jiƙansa. Amma tun ranar, ko warin asibitin haƙori na shaƙa sai cikina ya juya. Haihuwa uku na yi, ta biyun ma da ɗinki, ban ji tsoron da nake ji in an ce buɗe bakinki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na manta ban faɗa miki ba, na riga na je wajen likitan. Wata uku ke nan. Wata abokiyar aikina ce ta raka ni, ita 'yarta aka sa wa waya. Likitar mace ce, mai haƙuri, ba ta taɓa ni ba ranar farko sai da na gama kukana. Aka ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, irin wanda na'ura ke zagaya kai. Aka cusa min wani abu kamar kwaɓin fulawa a baki don a fitar da siffar haƙoran, na yi ta yunƙurin amai amma na daure. A zuwa na biyu aka yi min wankin haƙori, da wannan abin mai ƙara kamar kukan sauro a cikin kunne, na daure har aka gama ina karanta duk addu'ar da na sani. Ina faɗa miki wannan ne don kada a ce raki ne da ni. Na yi ƙoƙari.

Ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce babu maganar tsufa a sa waya, muddin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙora suna da lafiya, sai dai na babba ya fi ɗaukar lokaci saboda ƙashi ya gama ƙwari. Za a manna ƙananan ƙarafa a kan kowane haƙori, a zura siririyar waya ta cikinsu. Wayar ce ke tura haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa kaɗan-kaɗan, wani yana tohowa a bayansa. Duk bayan mako huɗu zuwa shida in koma a ƙara ɗaurewa, in yi kwana biyu ko uku ina jin tsami, abinci sai mai laushi, kunu, fate, shayi. Ta ce nawa zai kai shekara biyu, wataƙila ya ɗara. Ta lissafa abin da zan haƙura da shi: rake, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, gasasshiyar masara, goro, cingam, tauna ƙashi. Asuwaki ma sai da dabara, akwai wani ɗan ƙaramin buroshi da ake sakacewa da shi tsakanin ƙarafan. In an cire kuma akwai abin da zan riƙa sawa da daddare don kada su koma gidan jiya. Ta nuna min a hoton yadda giɓin turmin nan na 2000 ya sa maƙwabtansa suka karkata. Kin ga mutumin nan har yau bai bar ni ba.

Duk wannan na amince. Manna ƙarafan ma ta ce babu allura a ciki. Sai ta ce amma kafin nan za a cire haƙora biyu na sama, waɗanda ke bayan fiƙa, ɗaya dama ɗaya hagu, don a samu filin da za a ja na gaban su koma ciki. Lafiyayyun haƙora, Anti, ba su yi min komai ba.

Ranar cirewar na je. Na hau kujerar, aka kwantar da ita, aka kunna fitilar nan a fuskata. Ta shafa min wani abu a dasashi don kada in ji shigar allura. Ina ganin ma'aikaciyar ta buɗe tiren ƙarafa sai numfashina ya tsaya, na ji hannun kawu a gwiwata kamar yanzu ake yi. Ban san lokacin da na diro ba. Sai a bakin titi na tsinci kaina da tsumman da suke ɗaura wa mutum a ƙirji, na tari Keke Napep ban ma faɗa masa inda za ni ba, sai da muka kai Kawo na dawo hayyacina. Sun kira ni sau uku ban ɗauka ba. Mace da 'ya'ya uku.

In koma kan yayar maigidana. Wannan baiwar Allah tun da aka kawo ni gidan nan shekara 12 ba ta taɓa kallona da idon rahama ba. Ranar buɗar kai ita ce ta ce wa ƙawayena amarya ta rufe baki mana a ɗauki hoto. Ita ke zuga mahaifiyarsu, ita ke yanke abin da za a yi a gidan kowane ƙaninta, mijinta ma ba ya iya tari a gabanta. Da ta ji ƙishin-ƙishin ina tambayar wayar haƙori, tun bara, sai ta tara mu a gidan Hajiya ta ce canza halittar Allah ne, tsinuwa ce, kuma mace mai 'ya'ya uku da ta tashi gyaran baki a binciki wanda take yi wa. A gaban maigidana ta faɗa, bai ce uffan ba. Na je na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce hadisin da take nufi yana magana ne a kan masu kankare haƙora da gangan don su yi wushirya saboda ado, amma gyara abin da ya karkace yake cutar da mutum magani ne, malamai sun halatta. To ita da ta ce haramun ne in gyara, ita ce kuma take cewa a yanke ni daga faifan biki. Ta fi son in zauna a haka ta samu abin dariya, ni dai iyakar abin da na fahimta ke nan.

Shi kuma da na kunna masa saƙon, domin na adana kafin ta goge, cewa ya yi wasa take yi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in shirya ranar Juma'a mu je in gaishe ta don kada ta ga kamar na yi fushi. Ni zan je in gaishe ta! Ba mugun mutum ba ne, ban taɓa rasa ci ko sha ba, kuma bai taɓa ce min komai a kan bakina ba. Amma bai taɓa cewa komai ba ɗin ne yake ci min rai. Ko sau ɗaya ya ce Yaya ki bari. Akwai kuma wata magana da nake ji a bakin matan ƙannensa, ta wata yarinya a Malali da Yayar ke yawan kai masa zancenta. Ban tambaye shi ba. Kuma wallahi ba don wannan nake son gyaran ba, tun kafin in san da wata yarinya nake so, tun ina 'yar aji uku nake so.

Abin da ya fi damuna, bai san na je asibitin ba. Na ce masa taron malamai muke da shi. Kuɗin da na bayar, fiye da rabin abin da suka yanka, kwasar adashina ce ta wata goma, da ta gaza sai na kai 'yan kunnena na gwal kasuwa na sayar. Na cikin lefena ne, mallakina ne, ban taɓa kayan kowa ba, kuma na san da na tambaye shi cewa zai yi bari in ji ta bakin Yaya. Sai dai Hajiya ce ta zaɓo su da hannunta lokacin haɗa lefen, kuma ranar kamu ta tambaye ni ina suke, na ce suna wajen wanki. Jiya ma ta sake aiko autar ta tambaya, wai amarya za ta ara ranar walima.

Ga 'yata ta fari, shekararta goma, nata haƙoran sun fara bin sawun nawa. Likitar ta ce in kawo ta a duba, a shekarunta gyaran ya fi sauƙi. Rannan na gan ta tana dariya da hannu a baki, ban san wanda ya koya mata ba. Wani lokaci sai in ce ko in roƙi a mayar da kuɗin kanta, ni in haƙura, tawa ta riga ta wuce. Amma ta yaya zan kai ta ɗakin da ni uwarta na fito daga cikinsa da gudu? In ta ga hannuna yana rawa fa?

Anti, ki ba ni shawara. Akwai abin da mutum zai yi wannan tsoron ya sake shi? Na ji ana cewa akwai maganin kwantar da hankali da ake bayarwa kafin a cire haƙori, amma kunya ta hana ni komawa in tambaya bayan abin da na yi musu. Sannan in faɗa wa maigidana maganar 'yan kunnen kafin Juma'a, ko in bari sai ya ga waya a bakina, lokacin babu yadda za a yi? In na faɗa yanzu, daren nan zai kai wa Yaya, gobe dangi duka su ji na sayar da gwal ɗin Hajiya na yi ƙarya. In kuma na je gaishe ta ranar Juma'a, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Dole ne in je?

Da safiyar yau likitar ta turo min saƙo da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ajiye min ranar Alhamis ƙarfe goma, ɗaya kawai za a cire, in na ɗaga hannu za ta tsaya, kuma in zo da wanda zai zauna kusa da ni ya riƙe min hannu. Mahaifiyata tana Zariya, ƙafa ta hana ta tafiya. Abokiyar aikin nawa tana da aji a lokacin. Tun safe nake duba sunayen da ke cikin wayata, ban ga wanda zan kira ba.

Wassalam.

'Yarki a Kaduna.