A sauko da ekogarafi ɗakin gaggawa

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana da masu riƙe da asibitocin jihar Damagaram. A wurare da yawa na'urar ekogarafi, wadda ke nuna cikin jiki a kan allo, tana ɗakin awon ciki, an kulle ta da yamma, alhali mai haki da aka kawo daga Mirya ko Magarya da tsakar dare yana jiran a buɗe ɗakin radiyo, wato na ɗaukar hoton ƙirji. Wannan na'ura tana duba huhu a kan gadon maras lafiya cikin mintoci kaɗan, ba tare da an ɗaga shi ba. Likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya tsara hanyar da ake kira BLUE, aka buga ta a 2008, don irin wannan hali.

Aikin ba wuya. A shafa man na'urar, a ɗora kanta a tsaye ta ratsa haƙarƙari biyu. Kai mai lanƙwasa na megahaz 3 zuwa 5, wanda ungozoma ke awo da shi, ya isa. Tsakanin inuwar haƙarƙarin biyu, ƙasa kaɗan, za a ga farin layi: tantanin huhu ke nan. A lafiyayyen huhu yana zamewa da kowane numfashi kamar jerin tururuwa. A duba gaba sama da ƙasa, sannan bayan hammata, dama da hagu, kullum ana gwada wannan gefe da wancan.

Ga ɗan kabu-kabu da ya faɗi a kan ƙirji, tambayar farko ita ce ko iska ta taru a wajen huhu. In yana kwance rigingine iskar na hawa gaba, can za a fara. In layin na zamewa, babu iska a wurin. In ya tsaya cak, a ja na'urar zuwa gefe a nemi iyakar da zamewa ke bayyana tana ɓacewa. Ita ce tabbaci. Nan ne sababbin hannu ke tuntuɓe. Tsohon tarin fuka na manne tantanin ya hana shi motsi, haka ma bututun numfashi da aka saka wa maras lafiya, in ya zarce cikin huhun dama, yana tsayar da na hagu. Wanda ya soka allurar fitar da iska don rashin zamewa kaɗai yana iya huda huhun da ba ruwansa. Amma in jini ya faɗi, maras lafiya na shirin tafiya, ba a tsayawa neman iyakar.

Fararen layuka masu saukowa daga tantanin har ƙasan allo su ne layukan B. Uku ko fiye a tsakanin haƙarƙari biyu, a wurare da dama, dama da hagu, galibi ruwa ne ya jiƙa huhu, kamar na mai ciwon zuciya ko ƙoda. Wannan yana canza magani nan take, domin ƙarin ruwa ga irin wannan mutum ƙara nutsar da shi ne. Sai dai ciwon huhu na ƙwayar birus da tabon huhu su ma suna ba da layukan, don haka zazzaɓi da kumburin ƙafa da tarihin ciwon suna nan da muhimmancinsu.

Limoniya, wato ciwon sanyin huhu, kan sa huhu ya yi kama da hanta, da fararen ɗigo a ciki. Wadda ba ta taɓo tantanin ba kuwa ba za a gan ta ba, sai radiyo. Ruwan ƙirji baƙi yake fitowa a allo, a ƙasan baya, ko da ɗan kaɗan ne, alhali hoton radiyo na gaba sai ya kai wajen mililita 200 yake nunawa. Kafin a zuƙe shi a fara gano shamakin da ya raba ƙirji da ciki, kada a soki hanta ko saifa, kuma allura ta bi saman haƙarƙari, don jijiyoyin jini a ƙasansa suke.

Roƙonmu shi ne a ajiye ƙaramar na'ura mai batir a ɗakin gaggawa na Babban Asibitin Zinder da na gundumomi, makulli a hannun ma'aikacin lafiya mai aikin dare. Tsangayar lafiya ta Jami'ar André Salifou ta sa wannan cikin horon ɗalibai, a koya wa majo-majo, a riƙa adana hotunan wani ƙwararre yana bin su kowane mako yana gyara. A fara kafin hunturu, lokacin da tari da haki ke cika gadajen yara.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Zinder