Babana, ka gama shan maganin nan tukuna

Assalamu alaikum Babana, ya ƙarfin jiki? Jiya da ka kira na kasa faɗa maka abin da ke raina saboda mahaifinka na zaune a wurin, shi yasa nace bari in rubuto maka.

Naji zancen manajanka yana so ka tafi Kano a ƙarasa albam kafin Sallah, wai masoya sun fara tambaya a TikTok ko ka daina waƙa ne. Ni ban taɓa hana ka waƙa ba, tun kana buga gwangwanin madara a zauren gidanmu na Jekadafari ni nake tare maka faɗa. Amma tarin tibi ba mura bane Babana.

Ni na kwana da kai a asibiti, ni nake tashi cikin dare in canza maka zanin gado gumi ya jiƙa shi sharkaf, kuma ranar da kayi tari naga jini a hankicinka wlh ƙafafuna kasa ɗaukata sukayi sai da na dafa bango. Yau wata biyu da 'yan kwanaki kacal, don ka fara cin tuwo kana neman ƙari, kumatu sun ɗan ciko, shikenan sai ka ɗauka an gama? A gabana likita ya faɗa maka maganin na wata 6 ne, wata 2 na farko kala huɗu a haɗe, sauran wata 4 kala biyu, kullum da safe ba fashi. Yace sauƙi kan zo da wuri amma ƙwayar cutar tana nan kwance a huhu, wanda ya yanke magani a tsakiya tana iya taso masa ta daina jin maganin gaba ɗaya, daga nan sai wani mai wahala da ya fi wannan daɗewa. Kuma kyauta ake baka shi. Ga gwajin majina yana jiranka a wata na 5 da na 6.

Na san situdiyon nan, na taɓa leƙa ka sau ɗaya, ɗan ɗaki ne an manna soso a bango ba taga, ku shida bakwai a ciki har asuba kana maimaita baiti ɗaya sau goma furodusa na cewa a sake. Wanda ya kwanta bayan asuba yaushe zai tuna da magani? Waƙar ma ai da numfashi ake yinta, shekaranjiya daga ɗakinka zuwa bakin get ƙanwarka tace sai da ka tsaya ka huta.

Ga abin da nake so. Waƙoƙin nan uku da ka gama kafin ka kwanta, ka sake su ɗaya bayan ɗaya a YouTube da Audiomack, hotonka kawai ya isa, ba sai anje ɗaukar bidiyo ana tsalle a rana ba. Sababbin ka zauna a gida ka rubuta a littafinka. Wasan Sallah kam ban yarda ba, ko a nan Gombe ne. Sannan ka fito ka gaya wa masoyanka gaskiya, kana jinya kana shan magani, ba abin kunya bane, addu'a ma zaka samu.

In kuɗin kafin alƙalami da ka karɓa ne ke hana ka barci ka faɗa min nawa ne, ƙarshen wata ni ke ɗaukar adashe, sai a mayar wa mai kuɗin da abinsa.

Gobe ƙaninka zai kawo maka zuma da ƙwai da kindirmo. Ka ɗauko min hoton katin shan maganinka in gani, kuma ranar Alhamis tare zamu koma asibiti, ka jira ni. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya yi maka albarka.

Mamanka