A yi wa masu talla wurin tsayawa a hanyar Kano zuwa Zariya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in faɗi abin da na gani da sanyin da ya wuce, ranar da na kai mahaifiyata Zariya.

Tun daga Kura ido ya fara shan kallo. Ko'ina a bushe, amma gonakin Kadawa kore shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo. A Kwanar Gafan muka fara tsayawa. Kwandunan tumatir jere bakin titi, jajawur, 'yan dako na ta lodi a manyan motocin da za su yi Kudu. Wani dattijo ya ciko mana leda har da gyara, ya ce da Hajiya, "Inna, ɗauki kawai, in ya kwana biyu a nan asara ce." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin a bayansa akwai tulin wanda ya riga ya ruɓe.

A Dakatsalle mun ci gasasshiyar kaza, a Tashar Yari muka sayi rake da mazarƙwaila, tsarabar jikoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaran da ke bin motoci a guje, faranti a ka. A gabana wata yarinya ta faɗi, ƙiris ya rage tirela ta taka ta. Don Allah hukumomi su ware filin ajiye motoci da rumfuna a waɗannan garuruwa, mu riƙa sauka muna ciniki a tsanake.

Naku,
Mai karatunku daga Fagge, Kano