Godiya ga Sarkin Ruwa da 'Yan Fito na Yankin Guri

Assalamu alaikum.

Baba Sarkin Ruwa, da kai da yaranka 'yan fito, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na ɗaga muku murya.

Ni mai fataucin bandar kifi ne daga ƙasar Kafin Hausa. A daminar bana na yi kwana uku a kwale-kwalenku ina zaga ƙauyukan bakin ruwa da ke tsakanin Kirikasamma da Guri, inda babur ba ya shiga sai ruwa ya janye. Duk inda muka tsaya, yaron da ka haɗa ni da shi ya san gidan da ake banda mai kyau, ya san wanda tarwaɗarsa ba ta gama bushewa ba. Kuɗin fito kuwa abin da muka yi ciniki a kai tun farko, shi na biya, ko kwabo bai ƙaru ba.

Wanda bai shiga ruwan nan ba ba zai gane wahalarku ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Mun bi ta wata hanya da faɗinta bai wuce jirgi ɗaya ba, ciyawar ta fi tsayin mutum dama da hagu, tsuntsayen jan-baki na tashi daga ciki kamar hayaƙi. Na tambaya wa ya buɗe ta, yaron ya ce ku ne, da lauje, a aikin gayya, ruwa har ƙirji. Ban sake cewa komai ba sai da muka fita fili.

To, ranar komawa ce ta sa na ɗauki alƙalami. La'asar ta yi sanyi, ina da kwali tara, ga fasinja sun cika jirgi, ni kuma ina son in riski kasuwar Haɗeja washegari. Na nace a loda kayana haka nan, har na yi tayin ninka kuɗi. Ka dube ni ka ce, "Ɗana, ruwa ba ya karɓar cin hanci." Ka hana jirgin ɗaukar kayan, ka kuma hana a yi sawu na biyu saboda duhu ya kusa. Na faɗi maganganun da yanzu nake jin kunyarsu. Kafin isha hadari ya haɗo da iska mai kayar da zana. Ina kwance a zaurenka ina jin rugugin, sai Bagwai ta faɗo mini a rai, inda a ƙarshen 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya.

Da asuba aka ƙetare da ni da kayana, kwali ko ɗaya bai jiƙe ba. Tuwon dare da kokon safe ma Inna ta ƙi karɓar komai a kansu.

Baba, ka yafe mini. Allah ya ƙara girma, ya tsare yaranka a kan ruwa. Bayan an yi girbi ina nan tafe, kuma a wannan karon da hantsi zan iso mashiga.

Wassalam,
Ɗanka mai fataucin kifi daga Kafin Hausa