Wasiƙar Godiya ga Wani Garejin Masu Wayarin Mota a Ƙofar Ruwa, Kano

Assalamu alaikum, Maigida, tare da yaranka baki ɗaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa aikin gaskiya da kuka yi wa motata, Toyota Corolla. Mako uku injinta yana karkarwa duk lokacin da na tsaya a danja, ga shan fetur, ga rashin ƙarfi a hawa, har wani bakanike ya yanke mini hukunci cewa sai an sauke injin.

Ku kuwa ba ku kwance ko noti ɗaya ba sai da kuka jona na'urar bincike, ta nuna silinda ta 3 ce ba ta samun wuta. Maigida ya cire kwayil ɗinta, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi, ya musanya shi da na silinda ta 1, matsalar ta bi shi can, mai laifi ya fito fili a idona.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne bayanin da ya biyo baya, wanda ban biya ko sisi a kansa ba. Batir volt 12 kawai yake bayarwa, alhali filogi yana buƙatar dubban volt kafin tartsatsi ya tsallaka 'yar tazarar bakinsa, wadda ba ta wuce kimanin milimita 1 ba. A cikin kwayil akwai naɗin wayar tagulla iri biyu a kan ƙarfe: mai kauri 'yar kaɗan, da siririya mai naɗi dubbai. Wutar batir tana tara ƙarfin maganaɗisu a naɗin farko, kuma da zarar kwamfutar motar ta yanke wutar farat ɗaya, sai naɗi na biyu ya haifar da volt 20,000 ko fiye, ya kunna fetur da iskar da fistin ya matse. Tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina kwayil ɗaya gare ta, distiributa ke rarraba wutar, shi ya sa ban taɓa zaton tawa tana da huɗu ba.

Da kun so, da kun sayar mini da huɗun. Guda ɗaya kuka sauya, tare da filogan da suka cinye, domin kun ce buɗewar bakinsu ce ta wahalar da kwayil ɗin har ya ƙone. Tun daga ranar na je Zariya sau biyu, injin bai ko yi tari ba.

Allah Ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku mai godiya,
wani direba daga Kano