Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Sakkwato Kan Zazzaɓin Kaska Ga Masu Juna Biyu

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana guda ne. A ƙananan asibitocinmu na karkara, da zarar mai juna biyu ta zo da zazzaɓi, an riga an yanke cewa maleriya ce, ko gwaji ya nuna ko bai nuna ba.

Kun fi ni sanin cewa akwai zazzaɓi mai tafiya ya dawo wanda ƙwayar cutar Borrelia ke haddasawa, kuma wata ƙaramar kaska mai laushin jiki ce ke yaɗa ta. Tana ɓuya a ramin ɓera da tsagar bangon laka, ta ciji mutum cikin dare ba tare da ya ji ba, ta sha jini na ɗan lokaci ta sauka, shi ya sa mace za ta rantse ba ta ga wata kaska a jikinta ba. Jiki ya yi zafi kamar kwana 3, ya sauka wajen mako guda, kowa ya ce maganin maleriya ya yi aiki, sai ciwon ya komo. A tsakanin nan ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, ko a haifi jariri da cutar a jininsa. A ƙauyukan Senegal, waɗanda ke yankin Sahel kamar mu, bincike ya tabbatar tana cikin manyan musabbaban zazzaɓi.

Abin takaicin shi ne gano ta ba ya buƙatar wata na'ura daga Turai. Gwajin maleriya na gaggawa ba ya kama ta, amma ɗigon jini a kan gilashi, idan an ɗauka lokacin da jiki ke da zafi, yana iya nuna ta a madubin ƙara girma. Magani ma akwai, irin su fenisilin, wanda ya dace da mai ciki, sai dai a ba ta a gaban likita domin jiki kan rikice bayan allurar farko. Tun 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Abuja na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Ashe har yau kuɗin madubi da mai dubawa bai fito daga ciki ba?

Don Allah ku ba da umarni cewa duk mai cikin da zazzaɓinta ya dawo bayan maganin maleriya a duba jininta a madubi. A kuma gargaɗi masu awon ciki kada su sa uwa ta yaye jariri don tsoro, domin hatsarin yana wajen ciki da haihuwa, kuma nono shi ne garkuwar yaron. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan kusa da ku, a nemi ta binciko irin kaskar da ke gidajenmu.

Wassalam.
Daga wata ma'aikaciyar lafiya mai ritaya, Sakkwato.